Ruwan da Auta Ya Kawo

A wurin aiki ba mai kiranta da sunanta na gaskiya. Bari-ya-kama suke ce mata, tun daga manaja har maigadi, domin duk wanda ya leƙo ɗakin gwaji yana gaggawa, amsar da zai samu ke nan, ko kai ba za ta ɗago ba. A gida kuwa Yaya ce. Har mijinta, wanda ya ba ta shekara tara, wani lokaci yakan yi suɓutar baki ya kira ta haka.

Ita ce babba a cikin su biyar. Ubansu magini ne. Ya faɗo daga saman bene tana da shekara goma sha bakwai, ya yi wata biyu a kwance, ya rasu ya bar Inna da tsohon ciki. Wannan cikin shi ne Auta. Inna ta haife shi jiki ba ƙwari, saboda haka a bayan Yaya ya girma, ita ta yaye shi, ita ta raka shi makaranta ranar farko yana riƙe da gefen zanenta yana kuka. Nata karatun kuwa daga sakandare ya tsaya.

Wata maƙwabciya ce ta tsegunta mata cewa wani kamfani a ƙarshen layin masana'antu yana neman mai wanke-wanke. Ta je da tunanin kwanukan abinci za ta tarar. Sai aka shigar da ita wani dogon ɗaki mai sanyi, da bencin ƙarfe daga bango zuwa bango, da sikeli a cikin akwatin gilashi, da kofunan ƙarfe birjik, kowanne da guntun siminti a maƙale. Kamfanin aikinsa haɗa siminti da laka ne don masu haƙar rijiyoyin mai, wannan ɗakin kuma nan ake gwada kowane haɗi kafin a aika da shi.

Shugaban ɗakin wani dattijo ne da ake kira Mai Gilashi. Shi ya fara yi mata bayani, ba don yana tsammanin za ta gane ba, sai don shi mutum ne da in bai sami abokin magana ba yakan yi da bango. Ya ce mata rijiyar mai ba irin ta tsakar gida ba ce. Rami ne siriri, faɗinsa bai wuce na bokiti ba, amma zurfinsa yakan kai kilomita uku ko huɗu. In an haƙa wani sashe, sai a zura bututun ƙarfe, a tura kwaɓaɓɓen siminti ta cikinsa da famfo, ya fita ta can ƙasa, ya hauro ta bayansa ya cike tsakanin ƙarfe da dutse. Shi ke riƙe bututun, shi ke hana gas biyo baya ya hau sama. Can ƙasa kuwa zafi ne kamar tanda, siminti in ya ji zafi sai ya yi saurin kamawa. In ya kama a hanya, ya toshe bututu, aikin watanni ya tashi a banza. In kuma ya yi nawa, gas ya ratsa shi yana ɗanye. Shi ya sa ake zuba masa magani mai jinkirta kamawa, ana aunawa kamar gishiri a miya.

A ƙuryar ɗakin akwai wani inji da kowa ke kira tukunya. A ciki ake sa kofin siminti, a ba shi zafi da matsi daidai da na ƙasan rijiyar da za shi, wata 'yar muciya tana juya shi, alƙalami yana jan layi a takarda. Muddin layin yana kwance, simintin ruwa ne. Da ya fara hawa, ya kama. Aikin ke nan: a zauna awa huɗu ko biyar ana kallon layi.

Ta yi shekara uku tana wanki ba wanda ya san tana saurare. Rannan aka ɗora wani haɗi da ya kamata ya kama cikin awa huɗu, ya yi awa tara layi yana kwance kamar matacce. Injiniyoyi suka taru suna ta lissafi, wannan ya ce magani ne ya yi yawa, wancan ya ce tukunya ce ta lalace. Tana bakin famfo da soso a hannu ta ce, a hankali, ba ta sani ba ko yana da amfani, amma cokalin da aka ɗebi magani da shi, shi ne wanda ɗaya daga cikinsu ya juya shayi da shi da safe. Sai Mai Gilashi ya cire gilashinsa ya yi dariya har da hawaye, domin sukari kaɗan ya isa ya hana siminti kamawa yini guda.

Washegari ya ajiye mata kujera a gefen sikeli. Ya koya mata awo, ya koya mata karanta layi, ya sa ta shiga ajin ƙarshen mako har ta sami takardar shaida. Abin da ya fi nanata mata shi ne, abu uku dole su zo daga bakin rijiya, ba daga wani wuri ba: simintin da ke cikin tankinsu, maganin da ke hannunsu, da ruwan da za su kwaɓa da shi. Ruwa musamman. Na wani wuri da gishiri, na wani da kanwa, na wani da ruɓaɓɓen ganye, kowanne da yadda yake sa siminti sauri ko nawa. Da dattijon ya yi ritaya, ita aka bar wa tukunya.

A tsakanin nan ta auri wani tela mai shago a bakin titin kasuwa, mutum mai barkwanci da ba ya iya ɗinka riga bakinsa a rufe. Yakan ce wa masu kawo ɗinki, "Ku dai ku taya ni da addu'a. Duk garin nan matata ce kaɗai ke ɗora siminti a wuta ta zauna jiran ya nuna." Suka haifi 'ya'ya uku. Da Auta ya girma ya koyi tuƙi ya rasa motar ja, ita ta je gaban manaja ta ce ƙanenta ne, ta tsaya masa. Aka ba shi ƙaramar motar ɗaukar kaya, aikinsa ya je bakin rijiya ya ɗauko samfur ya kawo ɗakin gwaji. Ya yi shekara huɗu ba a taɓa kuka da shi ba. In ya shigo da jarka a kafaɗa yakan ce, "Ranki ya daɗe, ga saƙon ƙasa," ita kuma ta harare shi ta ce ya goge takalmi.

Wata Talata da hantsi ya iso daga wata rijiya mai nisan awa biyar, wadda za a zuba wa siminti washegari. Ya sauke buhunan samfur, ya ajiye jarka, ya fita ba tare da ya yi wasan da ya saba ba. Ta lura, amma ta ɗauka gajiya ce. Ta buɗe jarkar za ta zuba a kofin awo, sai ta tsaya. Ta san ruwan yankin can. Shekara da shekaru yana zuwa mata da ɗan ja-ja, in ka taɓa a harshe ka ji gishiri. Wannan kuwa garau yake, kuma yana warin maganin da ake zuba wa ruwan famfo. Ta ɗiga masa ruwan gwajin gishiri. Babu ko alama.

Ta same shi a bayan gareji ya buɗe gaban mota yana leƙe.

"Auta, ina ka ɗebo ruwan nan?"

"A tankinsu mana, Yaya. Ina kuwa?"

Ta tsaya tana dubansa. Tun yana ƙarami in ya yi ƙarya kunnensa na hagu yake sosawa. Ya kai hannu, ya tuna, ya sauke.

"Mota ce ta yi zafi a tsakiyar daji," in ji shi. "Ba gari gaba, ba gari baya. Na juye mata ruwan. Da na shigo gari na cika jarkar a gidan mai. Ai ruwa ruwa ne."

"Ka san ba haka ba ne. A gabanka nake faɗa kullum."

"To ki rufa min asiri. Ki ce jarkar ce ta zube a hannunki, ni kuma yanzun nan in juya in ɗebo wani. Wa zai ce miki wani abu? Ke ce Bari-ya-kama."

Ta juya maganar a ranta. Gaskiyarsa ce, ba wanda zai tuhume ta. Za a yi tsaki, a ɗaga aiki da yini guda, shi ke nan. Har ta buɗe baki za ta ce ya je, sai wata tambaya ta riga ta fitowa, ba ta ma san daga ina ta zo ba.

"Yau ne farko?"

Ya dubi injin motar. Ya ɗauki tsumma ya goge hannun da ba shi da datti.

"Auta."

"Sau ɗaya ne. Wata biyu da suka wuce. Rijiyar da ke bayan gada. Kuma ai ba abin da ya faru."

Ta tuna gwajin. Ranar aiki ya yi mata yawa, ba ta shinshina ba, ba ta ɗiga komai ba, ta kwaɓa ta ɗora, layi ya fito kyakkyawa, ta sa hannu. Yanzu akwai rijiya can da mutane kusan sittin ke kwana suna tashi a kanta, an zuba mata simintin da ba a gwada da ruwanta ba. Ƙila lafiya lau take. Ƙila kuma akwai wani gurbi a bayan bututu, zurfin kilomita biyu, inda ba idon da zai gani sai in an aika na'ura da gangan. Kuma ba wanda zai aika na'ura sai an faɗa masa dalili.

"Zo mu je ofis," ta ce.

"Yaya, matata cikin wata bakwai gare ta."

"Na sani. Zo mu je. Gara ka faɗa da bakinka."

Bai faɗa da bakinsa ba. Ya tsaya a bakin ƙofar manaja, hula a hannu, ita ta yi bayani daga farko har ƙarshe, har da cewa ita ma ta yi sakaci a gwajin farko. Manaja mutum ne mai ƙaramar murya, ba ya faɗa. Ya ɗaga waya ya sa a dakatar da aikin gobe, ya tura wani direba ɗebo ruwa, ya kira masu rijiyar bayan gada. Sa'an nan ya dubi Auta ya ce ya ajiye makullin mota a kan tebur. Ya juyo wurinta ya ce, "Ke kika kawo shi. Kina da abin cewa?"

Ta ce, "Babu."

Ruwan gaskiya ya iso washegari, ja-ja kamar yadda ta san shi. Ta kwaɓa, ta ɗora. Aikin yana bukatar simintin ya zauna ruwa na awa uku da rabi. A awa biyu da minti goma layi ya miƙe sama. Da an bi haɗin yadda yake, da ya kama a cikin bututu rabin hanya. Ta ƙara magani, ta sake ɗorawa, ta sake, sai a karo na uku ya zauna daidai. Rijiyar bayan gada kuwa, da aka zura na'ura, an tarar simintin bai hau inda ya kamata ba, sai da aka huda bututun aka tura wani. Ba wanda ya ji ciwo. An ba ta takardar gargaɗi saboda gwajin farko, ta karɓa ta sa a jaka.

A wurin aiki aka yi ta yaba mata a bayan ido. A gidan Inna ba haka ba. Ta je ranar Asabar ta tarar da tsohuwar tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ko gaisuwarta ba ta amsa da kyau ba.

"Na ji aikin da kika yi," in ji Inna. "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da kika goya."

"Inna, da mutane a kan rijiyar."

"Na san mutanen? Shi na sani. Kuma ban ce ki yi ƙarya ba. Ya ce an tambaye ki ko kina da abin cewa, kika ce babu. Shekara huɗu yana bin wannan muguwar hanya da ruɓaɓɓiyar mota, sau nawa ya ce a gyara ta? Wannan ba abin cewa ba ne?"

A hanya Yaya ta shirya yadda za ta yi wa Inna bayanin gishiri da zafi da bututu, amma ba ta shirya wa wannan ba. Ta san ya yi ƙorafin motar, a gabanta ma ya yi. A ofis ɗin ba mantawa ta yi ba. Tsoro ta ji kada a ce ta kawo ƙara da hannun dama tana karewa da na hagu, kada a ce Bari-ya-kama ma in an zo kan nata sai ta karkace. Sunanta ta tsare a lokacin, ba rijiya ba, domin rijiya ta riga ta tsira tun da ta buɗe baki.

Da ta koma gida ta faɗa wa tela. Yana zaune yana warware wata riga da ya ɗinka ba daidai ba.

"Na farko kin yi daidai," ya ce. "Na biyu kuwa, ni da ke mun san Inna ba ta yi ƙarya ba. Ki koma wurin manajan."

Ta koma ranar Litinin. Manaja ya saurare ta har ƙarshe, ya ce maganar mota gaskiya ce, za a duba. Amma takardar sallama ta riga ta wuce sama, masu rijiya kuma sun ce kada su sake ganin direban. Da ta faɗa a ranar, ƙila da an mai da shi gareji ko sito. An gyara motar a makon nan, wani ya ci gaba da ja.

Auta ya yi shekara uku bai taka gidanta ba. Da matarsa ta haihu, Yaya ta je da kayan jariri, matar ta karɓa da fara'a, shi kuwa ya gaishe ta kamar yadda ake gaida maƙwabciya, ya fita. Ya yi lodin kaya a tasha, ya ja motar wani mai sai da katako, daga baya ya sami tasi. In sun haɗu a gidan Inna, sai ɗaya ya zauna a ɗaki, ɗaya a tsakar gida, tsohuwar tana kai da kawowa tana mita cewa ta haifi duwatsu biyu. Tela ne kaɗai bai yanke zumunci ba. Yakan ɗinka wa yaron Auta riga ya kai da kansa, ya dawo ya ce, "Na ga mutuminki. Ya yi ƙiba. Fushi na karɓarsa."

Ranar da babbar 'yarta za ta tafi kwalejin koyon jinya a wani gari, motar da suka yi magana da ita ba ta zo ba. Suna tsaye a ƙofar gida da akwati da katifa da bokiti, sai ga tasin Auta. Yarinyar ce ta kira kawunta ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ya fito ya ɗaure katifa a saman mota, bai dubi Yaya ba. A tafiya shi da yarinyar suka yi ta hira. A dawowa kuwa sai su biyu, awa uku, ga rana, ga rediyo ba ya kamawa.

Sun yi nisa kafin ya ce, "Har yanzu kina nan da tukunyarki?"

"Ina nan."

Suka wuce wani ƙauye, suka tsaya shanu suka tsallaka titi.

"Ranar da ya tambaye ni ko ina da abin cewa," ta ce, "ina da shi. Ban faɗa ba. Wannan laifina ne, ba naka ba."

Ya canza giya. "Mijinki ya gaya min kin koma."

"Na koma bayan aiki ya ƙare."

"Ni ma ai na san abin da na yi," in ji shi. "Na daɗe ina cewa ba abin da ya faru. Sai wani da muka yi aiki tare ya shiga motata, ya ba ni labarin abin da aka gani a bayan gada. Ɗan'uwan matata a kan rijiyar yake aiki lokacin, kin sani?"

"Ban sani ba."

"Ni na sani, kuma na cika jarkar." Ya dube ta. "Amma ban ce na huce ba, Yaya."

"Ban ce ka huce ba. Tsaya can mu sayi lemo, bakina ya bushe."

Ya tsaya. Ita ta zaɓa, shi ya ɓare, suka sha a tsaye a gefen titi.

Ta ƙara shekara goma sha ɗaya a ɗakin gwaji. An kawo sabuwar tukunya mai nuna layi a allon kwamfuta, ta koya, ko da yake ta ce wannan ba ta da kunya, ƙara take yi wa mutum in ta gama. Ta horar da mutum shida, biyu mata. Ta sa aka kafa doka cewa kowace jarka a rufe ta da hatimi a bakin rijiya, kuma kowane direba a ba shi jarka ta biyu don mota, domin ta ce wanda aka tura daji da ruwa ɗaya an riga an zaɓa masa laifin da zai yi. Inna ta rasu a shekara ta bakwai, Yaya na riƙe da kanta, Auta na wajen ƙafafu.

Yanzu ta yi ritaya. Idonta na dama ya yi yana, likita ya ce sai an jira kafin a yi aiki, ana dubawa duk wata. Auta ne ke kai ta. Yakan zo da sassafe ya yi hon sau biyu, tela ya leƙo ta taga ya ce masa ya rage, unguwar ba tasha ba ce. Ita ta fito a hankali da katin asibiti a hannu, ta shiga gaba. A hanya sukan yi gardama a kan wace hanya ta fi sauri, kuma kusan kullum tasa ake bi, su maƙale a cunkoson bakin kasuwa, ita tana cewa ai ta faɗa, shi yana cewa da an bi tata da yanzu ba su wuce gidan mai ba. A watan jiya likita ya ce lokaci ya yi, ya ba su ranar Alhamis ta sama. Auta ya ce zai ajiye tasi ranar, ya zauna da ita har a fito.